SAYEN DARDUMA DA KAFET: JAGORA GA HAKIMAI DA MAGATAKARDA

An rubuta wannan bayani domin hakimai da magatakarda da sauran malaman ofis. Dalili kuwa shi ne, zauren hakimi wuri ne na taruwar jama'a, kuma abin da talaka ya gani an shimfiɗa a can shi yakan so ya saya ran da zai aurar da 'yarsa. Mutane da yawa sukan ci bashi don shimfiɗar ɗakin amarya, kafin a gama biyan bashin shimfiɗar ta mutu. Idan manya suka san yadda ake zaɓe, da yadda ake awo, da yadda ake ciniki, za su tsare dukiyarsu, su kuma iya ba na ƙasa da su shawara.

1. ASALIN ABIN

Saƙar darduma tsohuwar sana'a ce. Darduma mai ƙulli mafi tsufa da aka sani ita ce wadda aka tono a shekarar 1949 daga wani kabari da ƙanƙara ta daskarar a duwatsun Altai na ƙasar Rasha. Ta yi shekara wajen 2,400, akwai ƙulli fiye da miliyan 1 a jikinta, kowanne da hannu aka ɗaura shi. Wannan ya isa ya nuna abin da ya sa a zamanin da darduma ta zama kayan sarakuna da attajirai, sauran jama'a kuwa sai tabarmar kaba da buzu da agalami.

Inji ne ya karya mata tsada. A shekarar 1839 wani mutumin Amurka, Erastus Bigelow, ya ƙago injin saƙar kafet. A 1935 aka ƙago zaren nailan a Amurka, a 1954 kuma aka sami hanyar yin zaren roba da ake kira folifirofilin a ƙasar Italiya. Cikin shekarun 1950 masana'antun garin Dalton na Amurka suka yawaita yin kafet da inji mai allurai, wanda ya fi saƙa sauri nesa ba kusa ba. Yau birnin Gaziantep na Turkiyya yana cikin manyan wuraren da ake saƙa darduma da inji a duniya. Saboda haka yawancin abin da ake gani a kasuwanninmu aikin inji ne, zarensa kuma na roba ne, kome mai kanti zai faɗa.

2. A FARA DA DUBA ƊAKIN

Kafin a tafi kasuwa, a tsaya a yi wa kai tambaya uku. Wa zai taka wurin? Me za a yi a kansa? Wane irin daɓe ne a ƙasa?

Zaure da majalisa suna shan ƙafa kullum, can ake bukatar gajeren gashi mai tauri, da launi mai duhu ko mai zane, don ya ɓoye ƙura. Ɗakin kwana ba ya shan tafiya, mai laushi mai araha ya ishe shi. Inda ake cin abinci, ko inda yara ƙanana suke rarrafe, abin da ya dace shi ne shimfiɗar da za a iya naɗewa a fitar a wanke, musamman idan a nan ake salla, gama tsarki ya fi sauƙin kiyayewa a kan abin da yake wankuwa. Madafa da makewayi kuwa ba wurin kafet ba ne ko kaɗan.

Batun daɓe shi ne mutane suka fi mantawa. Daɓen ƙasa yakan jawo danshi da damina, gara kuma takan bi ta ƙarƙashi ta cinye bayan kafet ba wanda ya sani. A irin wannan ɗaki kada a manne kome da ƙasa. A sa tabarma ko leda a ƙarƙashi, a ɗora darduma a kai, a riƙa ɗagawa ana dubawa. Sabon daɓen siminti kuma yakan ɗauki makonni kafin ruwansa ya fita. Ga yadda za a gane: a ɗauki leda mai faɗin kamu guda, a shimfiɗa a ƙasa, a manne gefenta duka, a bar ta kwana ɗaya ko biyu. In an ɗaga aka ga gumi a jikinta, ko simintin ya yi duhu, to, ɗakin bai bushe ba. Wanda ya shimfiɗa kafet a kansa zai sha warin ruɓa.

3. KAFET KO DARDUMA

A bakin 'yan kasuwa, kafet shi ne wanda ake yanko shi daga babban naɗi a rufe ɗaki bango da bango. Darduma kuwa ita ce wadda aka gama ta da gefenta, ana shimfiɗa ta ana naɗewa.

Ga mai neman sauƙi, sau da yawa darduma ta fi. Ɗakin da yake ƙafa 12 da ƙafa 15 ya kusa mita murabba'i 17, darduma mai mita 2 da mita 3 kuwa mita murabba'i 6 ce kawai, watau ba ta kai rabi ba, ga shi ta rufe wurin zama duka. Me za a yi da kafet a ƙarƙashin gado da kabad? Har wa yau ana iya fitar da darduma a kakkaɓe, a juya ta don kada gefe guda ya riga mutuwa. Malamin da akan yi wa canjin wurin aiki, ko mai zaman gidan haya, ya naɗe abarsa ya tafi da ita. Kafet da aka yanka daidai wani ɗaki da wuya ya dace da wani.

Amfanin kafet shi ne yana hana sanyin siminti da hunturu, yana rage ƙarar tafiya, ba shi kuma da gefen da zai harɗe tsoho ko yaro. Sai dai a ƙasar da take da ƙura kamar tamu, tsintsiya ba ta fitar da abin da ya nutse cikinsa, sai injin zuƙe ƙura. Gidan da yake da mai ciwon asma ya yi tunani sosai kafin ya manna kafet a ɗakin kwana.

4. IRIN ZAREN

Zare shi ne ran shimfiɗa, shi ne kuma yake yanke rabin kuɗinta. Iri biyar ne aka fi samu.

Ulu, watau gashin tumaki. Shi ne mafi tsada, yana kuma da ƙarko. In an danne shi yakan tashi, ba ya saurin kama wuta. Aibinsa asu yakan ci shi, danshi kuma yakan ɓata shi. Sau da yawa akan gauraya kashi 80 na ulu da kashi 20 na nailan don a ƙara masa ƙarfi.

Nailan. Cikin zaren roba shi ya fi jure tafiya, ya dace da zaure da ofis. Kuɗinsa tsaka-tsaki ne.

Folifirofilin. Shi ne zaren yawancin shimfiɗu masu araha. Tun yana narke ake zuba masa launi, don haka wanki ba ya fitar da rininsa, ba ya kuma shan ruwa, asu ba ya cinsa. Aibinsa uku. Gashinsa in ya kwanta ba ya tashi. Yana riƙe maiƙo. Yana kuma narkewa da zafin da bai wuce digiri 165 ba a ma'aunin santigiret, watau ƙasa da zafin dutsen guga sa'ad da aka ƙure shi. Garwashi ɗaya daga kaskon turare ko murhun shayi ya isa ya bar masa rami har abada.

Foliyesta. Yana da taushi da ƙyalli, yana jan ido a kanti, amma yakan kwanta da wuri a inda ake yawan bi. A bar shi ga ɗakin kwana.

Auduga. Ana yin shimfiɗu marasa gashi da ita. Suna wankuwa, suna da sanyi da bazara, sai dai suna saurin yin dauɗa.

Mai kanti yana iya cewa kayansa ulu ne ko alharini. Gani ya kori ji. A nemi izininsa a ciro ɗan zare daga gefe, a fita waje a kusantar da shi ga ashana. Ulu yakan yi ƙaurin gashi, wutar ta mutu da kanta, ya bar gawayi mai murmushewa a yatsa. Zaren roba yakan narke ya dunƙule ya yi tauri kamar ɗan dutse. Auduga takan ci da wuta kamar takarda ta bar toka mai laushi. Wanda kayansa na gaskiya ne ba zai ƙi wannan gwaji ba.

5. YADDA AKA YI SHI

Hanya huɗu ce. Ta farko ƙullin hannu, irin na Farisa da Afganistan da Turkiyya da Maroko. Wannan ba kayan mai neman araha ba ne, an ambace shi ne kawai don kada a sayar wa mutum da aikin inji da sunansa. A juya bayan dardumar. A aikin hannu ƙulle-ƙullen ba sa zama daidai wa daida, gezar kuma ci gaban zaren tsaye ce na jikin dardumar. A aikin inji layukan sukan miƙe sarai, gezar kuwa sau da yawa ɗinka ta aka yi daga baya.

Ta biyu saƙar inji, inda ake saƙa gashi da baya lokaci guda. Zanen yakan bayyana ta baya. Tana da ƙarko, kuma mai matsakaicin hali yana iya sayenta.

Ta uku aikin allura. Inji mai ɗaruruwan allurai yana cusa zare cikin wani ƙyalle, sa'an nan a shafe bayan da gam, a manna wani ƙyallen ko soso. Yawancin kafet na naɗi haka ake yinsa. Ƙarkonsa ya dogara ga kyan gam ɗin: in gam ya bushe ya fara zuba kamar gari, gashi zai bi shi.

Ta huɗu ita ce ta matsi, wadda ba ta da gashi sosai, kamar bargo mai tauri. Ita ce mafi araha, ta dace da baranda ko wurin taro na 'yan kwanaki.

6. GWAJI A KANTI

Kada a yi cinikin biri a sama. A sa a sauko da kayan, a buɗe, a fito da shi hasken rana, gama fitilar kanti takan ƙara wa launi kyau. Sa'an nan a yi waɗannan:

(a) A lanƙwasa gefe, gashi yana waje. In bayan ya bayyana a fili tsakanin layukan zare, gashin ba shi da yawa. Cikar gashi ita ce ƙarko, ba tsawonsa ba. Gajere mai cika ya fi dogo mai sharaf-sharaf.

(b) A danna babban yatsa da ƙarfi, a ɗaga. A duba ko gashin ya tashi nan da nan ko ramin ya zauna.

(c) A kama 'yan zare a ja. In sun fito da sauƙi, tsintsiya ma za ta fitar da su.

(d) A goga farin ƙyalle mai ɗan laima a kai. In launi ya fita, zai fita a fararen riguna.

(e) A murza bayan, a ga ko yana tsagewa ko yana zubar da gari. Kayan da ya daɗe a ajiye cikin zafi yakan yi haka.

(f) A ɗaga a ji nauyi. In iri biyu girmansu ɗaya, zarensu ɗaya, wanda ya fi nauyi yawanci shi ya fi zare.

(g) A shimfiɗa duka a ƙasa, a duba ko gefe ya miƙe, ko akwai tabo ko huda a tsakiyar naɗin.

7. AWO DA LISSAFI

A nan ne aka fi yin hasara, a nan kuma magatakarda zai fi amfanar jama'a. A auna tsawo da faɗin ɗaki a wuri biyu-biyu, domin ginin ƙasa ba safai bangonsa yake miƙewa ba. A ɗauki awon da ya fi girma, a haɗa da bakin ƙofa, a ƙara inci 4 ga kowane awo saboda gyara. A rubuta a takarda, kada a dogara ga taki ko kamu.

Yadi ɗaya ƙafa 3 ne. Yadi murabba'i ƙafa murabba'i 9 ne. Mita ta fi yadi da ɗan abin da ya haura inci 3, don haka a tabbatar da wanne ake magana a kai. Babban naɗi yawanci faɗinsa ƙafa 12 ne ko mita 4, akwai kuma ƙanana masu ƙafa 6 ko mita 2.

In mai kanti ya faɗi kuɗin yadi, tambaya ta farko ita ce, "Faɗin nawa?" Ga misali, kuɗin da aka sa kuwa don lissafi ne kawai. Ɗaki ƙafa 12 da ƙafa 15. Wani kanti ya ce yadi naira 9,000, faɗin kayansa ƙafa 6. Wani ya ce naira 16,000, faɗin nasa ƙafa 12. Mai gaggawa zai ce na farko ya fi araha. Amma a na farko sai an sayi tsiri biyu na yadi 5, watau yadi 10, kuɗinsu naira 90,000, ga kuma haɗi a tsakiyar ɗaki. A na biyu yadi 5 ya isa, naira 80,000, ba haɗi.

In haɗi ya zama dole, a sa shi inda ba a yawan bi, a kuma tabbatar gashin tsirin biyu yana kwance fuska ɗaya, in ba haka ba za su yi kamar launi biyu. A kuma saye su daga naɗi ɗaya, gama rini yakan ɗan bambanta daga naɗi zuwa naɗi.

Lissafi na biyu shi ne na shekaru. Shimfiɗar naira 80,000 da ta mutu cikin shekara 2 ta ci naira 40,000 kowace shekara. Ta naira 150,000 da ta yi shekara 6 ta ci naira 25,000 kawai. Magabata sun ce araha ba ta ado. Duk da haka ba a ce mutum ya ci bashi don ya sayi mai tsada ba. In kuɗi bai kai ba, a rage girma, kada a rage nagarta: ƙaramar darduma mai kyau a kan tabarma mai tsabta ta fi babban kafet da zai tsiyaye kafin shekara ta kewayo.

8. CINIKI

A zaga kanti uku a ƙalla kafin a taya. A manyan kasuwanni, kamar na Kano da Kaduna da Sakkwato da Maiduguri, masu sayar da kaya iri ɗaya sukan zauna layi guda, zagayen ba shi da wuya. A guji saye dab da salla ko lokacin yawan bukukuwa, sa'ad da masu nema suka yi yawa. A tambayi ragowar naɗi, gama guntun da ya saura a ƙarshe akan sallama shi da rahusa, sau da yawa kuma ya isa ƙaramin ɗaki.

Kafin a ce an saya, a san abin da kuɗin ya ƙunsa. Da dako? Da ladan mai shimfiɗawa? Da gam da ɗinkin gefe? Da soson da ake sawa a ƙarƙashi? Wannan soso yana rage gugar siminti, yana ƙara wa kafet kwana, bai kamata a raina shi ba. In da dillali a tsakani, a san wanda zai biya la'ada. A tsaya a ga an auna an yanka a gaban ido, a karɓi rasit mai nuna iri da tsawo da faɗi da kuɗi.

Game da gwanjo, akan dace da kaya mai kyau da kuɗi kaɗan, amma a yi hattara. A shinshina, a duba baya da gefe ko akwai kuɗin cizo ko ƙuma ko alamar asu. Warin fitsari ko na ruɓa ba ya fita sosai. In an saya, a wanke, a shanya a rana har ya bushe ƙarau kafin a shigar da shi gida.

In da kuɗin jama'a za a saya, don majalisa ko ofis ko masallaci, lalle ne a karɓo farashi a rubuce daga kanti uku, magatakarda ya auna kayan da kansa ran da aka kawo, ya shigar da shi littafin kaya tare da rana da kuɗi, ya adana rasit. Wannan yana tsare mutuncin hakimi da na malaminsa ran da aka zo bincike.

9. KULA DA SHI

Rigakafi ya fi magani. Rairayi ne yake yanke zare daga tushe, saboda haka a ajiye takalma a waje, a sa ƙaramar tabarma a bakin ƙofa. A share kullum bin kwanciyar gashi. Da hunturu a riƙa fitar da darduma ana rataye ta ana bugun bayanta. A juya ta kai da ƙafa sau biyu a shekara. Kada a bar ta kwana da kwanaki cikin rana, rana tana cin launi tana kuma busar da gam.

In abu ya zube, a tsane shi nan take da farin ƙyalle, daga gefen tabon zuwa tsakiya, kada a goga. Shayi da ruwan goro, ruwa da ɗan sabulu. Jini, ruwan sanyi kawai, gama ruwan zafi yana kafe shi. Manja da man gyaɗa, a kwashe da cokali tukuna, a barbaɗa garin alli ko na rogo ya tsotse maiƙon, sa'an nan a wanke da sabulu. Kada a sa wa ulu ruwan fidda tabo mai ƙarfi irin na wankin fararen kaya. Bayan kowane wanki a tabbatar ƙarƙashi ya bushe.

Sabon kafet yakan yi warin gam. A buɗe tagogi kwana 2 ko 3 kafin a kwana a ɗakin. Kaskon turare da kyandir da fitila da maganin sauro na kunnawa, duka a ɗora su a kan faranti ko tire mai faɗi, nesa da gefen shimfiɗa.

10. ROƘO GA HAKIMAI

Ana roƙon hakimai su sa a karanta wannan bayani a majalisa, dagatai da masu unguwanni kuma su isar da shi ga magidanta, musamman masu shirin aurar da 'ya'ya. Magatakarda ya taimaki wanda bai iya lissafi ba da awon ɗakinsa, ya rubuta masa a takarda kafin ya tafi kasuwa. A kuma tunatar da jama'a cewa tabarmar kaba da buzu ba abin kunya ba ne. Mutanenmu ne suke yinsu, kuɗinsu yana zama a ƙasarmu, sun kuma dace da zafinmu da ƙurarmu. Kowa ya yi daidai ruwa daidai tsaki. Allah ya sa mu dace.